Ko Ya Dace a Ba Kare Kwakwa?

Kwakwa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Bishiyarta ta bakin teku ce, tana son rairayi da iska mai laima, shi ya sa ƙasashen da suka fi kowa noma ta su ne Indunusiya da Filifin da Indiya. Wadda muke gani a baron mai talla, an jera ta kusa da dabino da aya, ta sha hanya kafin ta iso, wata daga Badagry ta Jihar Legas, wata daga gabar yammacin Ghana. Mun daɗe muna cin ta don marmari, muna markaɗa ta a kunun aya, mata suna yin kwakumeti da ita, kuma ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa kare na da rabo a ciki. Waya ce ta kawo maganar. Yanzu mai kiwon karnuka a Kano ko Kaduna ko Yamai zai buɗe Facebook ko TikTok ya ga Bature yana ɗura wa karensa man kwakwa da cokali, yana cewa yana gyara gashi, yana kashe tsutsar ciki, yana korar kaska, yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, har farfaɗiya wai yana magancewa. Sai mutum ya fara tunanin ko ya daɗe yana tauye wa nasa karen hakki.

Tambayar farko mai sauƙin amsawa ce. Tsokar kwakwa da manta ba sa cikin abubuwan da ke zama guba ga kare, irin su cakulan da inabi da albasa. Ƙungiyar ASPCA ta Amurka, wadda ke da cibiyar da ake kira dare da rana idan dabba ta ci abin da ake zargi, matsayinta shi ne 'yar kaɗan ba za ta yi wata babbar illa ba, sai dai maiƙon da ke cikinta na iya ɓata ciki ya kawo zawo. Ke nan idan kare ya tsinci guntun da ya faɗo daga hannun yaro ya haɗiye, babu abin tayar da hankali. Inda gizo ke saƙar shi ne tambaya ta biyu: akwai dalilin da zai sa mutum ya riƙa ba shi da gangan, kullum, kamar magani? A nan nake ganin masu talla sun yi wa jama'a rufa-ido, domin sun tsallake abu mafi muhimmanci game da kwakwa, wato cewa mafi yawan ƙarfin da ke cikinta daga maiƙo yake.

A giram 100 na ɗanyar tsokar kwakwa akwai maiƙo kusan giram 33 da kalori wajen 350, sinadarin gina jiki kuwa bai fi giram 3 da 'yar ɗoriya ba. Idan aka gurza ta aka busar, irin wadda ake sayarwa a leda don yin kek, ruwan ya fita, maiƙon ya haura giram 60, kalori kuma ya wuce 650. Man kwakwa maiƙo ne zalla: cokalin shayi ɗaya kalori 40, babban cokali 120. Fiye da kashi 80 cikin 100 nasa irin maiƙon nan ne mai daskarewa, har ya fi man shanu yawansa, shi ya sa da sanyin hunturu za ka tarar ya yi fari ya sandare a kwalba.

Masu yabon kwakwa kan ce ai a tsibiran tekun Fasifik tun kaka da kakanni karnuka ke rayuwa a kanta. Gaskiya ne, amma ba su ƙarasa labarin ba. A 1769, lokacin da jirgin Kyaftin James Cook ya yada zango a Tahiti, masanin tsirrai Joseph Banks da ke cikin tawagar ya rubuta a kundinsa cewa karnukan tsibirin da ƙyar suke ɗanɗana nama, kwakwa da doya da 'ya'yan itatuwa ake ba su. Dalilin da ya sa maganar ta taso shi ne an kashe wa baƙin ɗaya aka gasa suka ci. Karnukan kiwo ne, ana tara musu tsoka da kitse kamar yadda muke turke rago kafin Babbar Sallah. Labarin ya tabbatar da cewa kwakwa ba ta kashe kare, kuma tana sa shi ƙiba. Bai ce komai game da tsawon rai ko ƙarfin gudu ba, don ba wannan masu su ke nema ba.

To nawa ne daidai? Likitocin dabbobi suna da ƙa'ida mai sauƙi: duk wani abin marmari da ake ba kare bayan ainihin abincinsa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da yake bukata a yini. Kare mai kilo 20 da ba ya aikin wahala yana bukatar kalori wajen 1,000. Rabonsa na marmari ke nan 100, wanda ya zo daidai da tsokar kwakwa giram 30, abin da bai kai girman akwatin ashana biyu ba, ko kuma mai cokalin shayi biyu da rabi. Wannan iyaka ce ta sama, kuma ta haɗa da biskit da guntun tsire da duk abin da yara ke jefa masa a ɓoye. Ƙaramin kare mai kilo 5, irin masu gashin nan da ake ajiyewa a falo, cokalin shayi ɗaya na mai ya cinye rabonsa na yinin gaba ɗaya.

Akwai wani awo da ke yawo a intanet, wai cokalin shayi ɗaya ga kowane kilo 4 da rabi na nauyin kare a kullum. A lissafa shi a kan karen nan mai kilo 20: cokali huɗu da ɗoriya, kalori kusan 180, wato wajen kashi ɗaya cikin shida na abincinsa ya koma mai guda ɗaya wanda ba shi da sinadarin gina jiki, ba shi da kalsiyam, ba shi da wani bitamin na a zo a gani. Ko dai a ƙara shi a kan abincin kare ya yi ta ƙiba, ko a rage abincin a ba mai wuri ya rasa abin da jikinsa ke bukata. Hukumomin da ke tsara ma'aunin abincin karnuka, irin AAFCO ta Amurka da FEDIAF ta Turai, ba su sa man kwakwa ko wani sinadari da ya keɓanta da shi a cikin abubuwan da kare ke bukata ba.

Karnukanmu kusan kashi biyu ne, kuma hukuncin kwakwa ya bambanta a kansu. Akwai karen birni, Alsatian ko Rottweiler ko Boerboel, wanda ke yini a keji ko a ɗaure, a sake shi da dare ya zagaya tsakar gida. Mai shi yana alfahari da girmansa, in an ce "kai, wannan kare ya cika" sai ya ji daɗi. Sau da yawa cikar nan teɓa ce. Gwajin ba wuya: ka shafa gefen ƙirjinsa, in sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji haƙarƙari, kuma in ka dube shi ta sama ba ka ga inda ƙugu ya shiga ba, to ya wuce kima. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi karnuka 48 irin Labrador tun suna 'yan kwikwiyo har suka mutu. Waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, kuma ciwon gaɓoɓi ya yi jinkirin kama su. Irin wannan kare ba ya bukatar ƙarin mai ko ɗigo.

Bayan ƙiba akwai abin da ya fi gaggawa. Kusa da tumbi akwai wata gaɓa, fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci da kuma sinadarin insulin. Likitoci sun daɗe suna ganin tana kumbura a jikin kare bayan ya ci maiƙo mai yawa da bai saba ba. Wanda ya taɓa ganin kare ya kwanta kashegarin da aka cika masa ciki da kitsen layya ya san kamannin abin: amai a kai a kai, ƙin abinci, kasala, ciki ba ya taɓuwa don zafi, wani lokaci ya shimfiɗa ƙirji a ƙasa ya ɗaga bayansa sama don neman sauƙi. Ciwon na iya wucewa cikin kwanaki, yana kuma iya kisa. Karnuka masu ƙiba da masu ciwon suga da wasu ƙananan iri, kamar Miniature Schnauzer da Yorkshire Terrier, sun fi saurin kamuwa. Karen da ya taɓa yin wannan ciwo ko sau ɗaya, kwakwa ta haramta a kwanonsa, tsoka da mai da madara duka.

Kashi na biyu shi ne karen gida na asali, na maharba da makiyaya da masu gadin gona, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda abincinsa ragowar tuwo ne da ƙanzo da ƙashi in an samu. Kare yana iya narkar da tsaba fiye da kakansa kyarkeci, masana a Suwidin sun nuna haka a 2013 ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, kuma karen Azawak na Buzaye ya daɗe yana rayuwa a kan gero da nono da ɗan abin da ya kamo. Irin wannan kare ƙarin maiƙo ba zai cutar da shi ba, musamman a lokacin farauta da yake ƙona ƙarfi sosai. Amma babban giɓin da ke cikin abincinsa na sinadarin gina jiki ne, kuma kwakwa ba ta cike shi. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da giram 6 na wannan sinadari, kusan daidai da abin da ke cikin kwakwa giram 200. Kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, huhu da tumbi daga mahauta, ƙafar kaza, duk sun fi ta amfani a kuɗi ɗaya. Ko a maiƙon ma ba ita ce zaɓi ba. Akwai wani nau'i mai suna linoleyik wanda jikin kare ba ya iya ƙerawa, dole sai ya ci, kuma shi ke riƙe lafiyar fata da sheƙin gashi. Man gyaɗa da man waken suya da kitsen kaza suna da shi da yawa, a man kwakwa kuwa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Omega-3 da ke taimakon gaɓoɓi da ƙaiƙayin fata kuma a man kifi yake.

Maharba su lura da wani ƙaramin bincike na 2003 a Amurka a kan karnukan farauta 18. An raba su an ba su abinci masu maiƙo daban-daban, kuma a cikin waɗanda ba a motsa wa jiki sosai, waɗanda aka haɗa wa man kwakwa an ga kaifin hancinsu ya ragu da tafiya ta yi nisa. Karnuka 18 ba su isa yanke hukunci ba. Duk da haka, wanda cin abincinsa ya dogara da hancin karensa ba shi da dalilin yin caca da shi.

Daga ina maganar magani ta samo asali? Tana da tushe, kuma tushen ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan aka yi musanyen. Maiƙo sarƙoƙi ne, wasu dogaye, wasu matsakaita. Matsakaitan, waɗanda ake rubuta wa MCT a jikin kwalba, daga hanji kai-tsaye suke wucewa hanta, ita kuma ta mayar da wani ɓangare nasu sinadarin keton, wanda ƙwaƙwalwa ke iya amfani da shi a madadin suga. A 2010 masana da ke aiki da kamfanin Purina suka ba tsofaffin karnuka irin Beagle abinci mai kashi 5.5 cikin 100 na wannan mai tsawon wata takwas, suka ga sun fi takwarorinsu iya koyo da tuna abu. A 2015 kuma Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan ta gwada irin abincin a kan karnuka 21 masu farfaɗiya. Uku suka daina faɗuwa a lokacin gwajin, bakwai kuma faɗuwar tasu ta ragu da rabi ko fiye. Sakamako ne mai kyau, ba a musu.

Sai dai man da aka yi gwajin da shi tataccen mai ne, wanda aka ware nau'i biyu, kafirilik da kafirik. A man kwakwa na kasuwa waɗannan biyun a haɗe ba su fi kashi 15 cikin 100 ba. Kusan rabinsa wani nau'i ne mai suna lorik, wanda a takarda ana lissafa shi cikin matsakaita, amma a jiki mafi yawansa hanyar dogaye yake bi. Kafin kare ya samu abin da aka ba na Landan daga kwalbar man kwakwa, sai ya sha wajen ninki bakwai, kuma zawo zai riga amfanin zuwa. Abu na biyu da ba a faɗa a bidiyo: karnukan nan 21 duk suna kan maganinsu na farfaɗiya har aka gama, ƙari aka yi musu. Mai karen da ke faɗuwa ya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta ya koma cokalin mai, ya jefa dabbar cikin haɗari, domin yanke irin wannan magani farat ɗaya kan tayar da farfaɗiyar da ta fi ta da muni. (A gefe guda, tsoron da ake yi wa man kwakwa a jikin ɗan Adam, wanda ya sa Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta gargaɗi mutane a kansa a 2017, bai cika shafar kare ba, don jijiyoyin jininsa ba sa saurin toshewa da kitse irin namu. Matsalarsa a ciki take da kuma nauyi.)

Maganar kaska ma haka aka juya ta. A 2018 masana a Ma'aikatar Noma ta Amurka suka wallafa cewa wasu sinadarai da suka ciro daga man kwakwa suna korar ƙudaje masu cizo da kuɗin cizo da kaska na tsawon kwanaki. A cikin rahoton da kansa sun bayyana cewa man kwakwa yadda yake ba ya korar komai, sai an farfasa shi a ɗakin bincike. Wannan jumla ita ce ta ɓace a hanya. Kaskar kare ba abin wasa ba ce a wurinmu, tana ɗauke da cututtukan da ke fasa jini, kare ya yi zazzaɓi, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja. Akwai magungunan da aka tabbatar, na wanka da na ɗigawa a ƙeya da na taunawa irin Bravecto da NexGard, ga kuma share keji da toshe tsagar bango inda kaskar ke ɓuya. Tsutsar ciki ma da nata maganin, mai araha, a kowane shagon magungunan dabbobi.

A fata ne man kwakwa ke da ɗan gurbi na gaskiya. Da hunturu tafin ƙafar kare da kan hancinsa kan bushe su tsage, ɗan shafi kaɗan yana laushi da su, ko da yake man kaɗanya da muke da shi a gida yana yin aikin nan daidai. A shafa kaɗan, a ɗauke masa hankali na ɗan lokaci, don in an bar shi lashewa zai yi, abin da aka shafa a waje ya koma ciki. Ƙazuwa kuwa, wadda ke zubar da gashi ta bar fata ta yi kauri da ɓawo, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne ke haƙa cikin fata. A ƙauyuka da bayan gari har yanzu ana shafa wa irin wannan kare baƙin mai na inji, abin da ke ƙona fata ya kuma shiga jiki in ya lasa. Wanda ya bar baƙin mai ya koma man kwakwa ya rage cutarwa, amma tsugune ba ta ƙare ba, ƙwarin suna nan. Kuma idan ƙaiƙayin na fata mai maiƙo da wari ne, ƙara mata mai na iya dagula lamarin. Likita zai kankari fatar ya duba a madubin likita ya san wanne ne. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna yin wannan, haka ma asibitocin dabbobi na jihohi. In kuɗin mutum abu ɗaya tak zai iya saya, tsakanin kwalbar man kwakwa da allurar rigakafin haukan kare, irin wadda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke samarwa, ba sai an yi shawara ba, domin allurar har 'ya'yansa take karewa.

Ruwan kwakwa shi ne inda masana suka rabu. ASPCA ta ce kada a bayar, saboda yawan sinadarin fotasiyam, wasu kuma suna ganin 'yar kurɓa ba komai. Kofi ɗaya yana da fotasiyam wajen miligiram 600. Lafiyayyar ƙoda tana fitar da rarar ba wahala. Amma tsohon kare mai ciwon ƙoda, ko mai shan wasu magungunan zuciya irin enalafiril da sifironolakton da ke riƙe fotasiyam a jiki, ko wanda fitsari ya toshe masa, in sinadarin ya taru a jininsa bugun zuciya ne ke rikicewa. Tunda ciwon ƙoda kan daɗe a ɓoye kafin ya bayyana, ni ina tare da masu cewa a bari. Kare mai ƙishi ruwa mai tsabta yake so, a inuwa, a canza masa safe da yamma.

Abin da ya fi damuna game da ruwan kwakwa wani imani ne da ya bazu a Najeriya, kudu da arewa, cewa yana karya guba. Kare ya ci shinkafar ɓera ko ya lashi fiya-fiya, ko maƙwabci ya jefo masa nama mai guba, sai ka ga an danne shi ana ɗura masa ruwan kwakwa, wani ya ce a kawo manja, wani ya ce madara. Babu ɗaya a cikinsu da ke karya guba. Karen da ke karkarwa yana zubar da yawu ba ya iya haɗiya daidai, abin da aka ɗura sai ya bi ta maƙogwaro ya sauka a huhu, a ƙara masa ciwo na biyu a kan na farko. Wasu gubobin ma a maiƙo suke narkewa, mai yana iya sauƙaƙa musu shiga jini. Alhali makarin gaskiya yana nan: allurar aturofin ga irin su Sniper da fiya-fiya, bitamin K1 ga maganin ɓeran da ke hana jini daskarewa. Dukansu lokaci suke so, kuma rabin awar da aka ɓata ana neman mai sayar da kwakwa na iya zama ita ce ta raba rai da mutuwa. A ɗauki kare da ledar ko kwalbar abin da ya ci a nufi likita. Haka ma kwikwiyon da ke amai da zawo mai jini da wari, wanda galibi cutar farbo ce: ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata, abin da aka ba shi ta baki dawowa yake yi.

Sau da yawa laifin ba na kwakwar ba ne, na abokan tafiyarta ne. Kwakumeti suga ne da maiƙo. Alewa irin Bounty an lulluɓe ta da cakulan, wanda ke ɗauke da tiyobiromin, sinadarin da jikin kare ke jinkirin fitarwa har ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Shinkafar kwakwa da ake yi a biki tana da albasa da tafarnuwa, su kuma suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare a hankali, alamar ba ta fitowa sai bayan kwanaki. Biskit da kek na shigowa kan zo da zabibi, wanda ke iya kashe ƙodar kare. Mafi sharri shi ne zailitol, abin zaƙin da ake sa wa wasu kayan da aka rubuta wa "babu suga" da cingam da man goge baki. Kashi ɗaya cikin goma na giram a kowane kilo na nauyin kare ya isa ya faɗar da sugan jininsa cikin ƙasa da awa ɗaya, mai yawa kuma ya lalata hanta. Dusar da ta rage bayan an tace kunun aya ba ta da guba, amma in an zuba da yawa tana kumbura ciki, kuma a duba kada ƙwallon dabino ya maƙale a ciki.

Sai kuma wadda ta lalace. Kwakwa tana fasuwa ta fara lalacewa, balle a zafinmu. Yankakkiyar da ta yini a rana cikin ruwa a faranti, ta yi yauƙi ko tsami ko ta fara ɗigo-ɗigon funfuna, al'adarmu ita ce a ce "jefa wa kare". Funfuna iri-iri ce. Wata tana sa kare karkarwa da farfaɗiya cikin 'yan awoyi, wata kuma, mai fitar da gubar afulatoksin, hanta take ci a hankali. Busasshiyar kwakwa tana cikin kayan da wannan guba ke kamawa, tare da masara da gyaɗa, kuma kare yana cikin dabbobin da ba sa jure ta. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta samu rahoton mutuwar karnuka sama da 100 daga abincin kanti da aka yi da gurɓatacciyar masara. Abin da mutum ya sinsina ya ƙi ci, rami ya dace da shi.

Wanda duk da haka yake so ya ɗanɗana wa lafiyayyen karensa, ba laifi. Sabuwar fashi, farar tsokar kawai, a gurza ko a yanka ƙanana don manyan gutsattsari kan fito yadda suka shiga ko su shaƙe ƙaramin kare. A fara da abin da bai wuce cokalin shayi ba, a jira kwana ɗaya ko biyu a ga kashinsa. In ya yi ruwa ko ya yi maiƙo, ko ya fara susa fuska ta kumbura, an gama magana. In lafiya, sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Ɗan man a jikin ƙwayar magani ma yana taimaka mata ta wuce maƙogwaro. 'Yan kwikwiyo a ƙyale su, cikinsu ba ya ɗaukar gwaji.

Ɓangaren da ya fi kai karnuka teburin tiyata shi ne wanda ba a ɗauke shi abinci ba: ƙoƙon da kuma zaren ɓawon. Ana jefar da su a tsakar gida ko a bola, ƙamshin mai yana jiki, kare mai zaman kaɗaici ya samu abin gwagwiya. Ƙoƙon yana da taurin da ke fasa babban haƙorin sama na gefe, wanda kare ke datse ƙashi da shi, kuma yana tsagewa da kaifi ya yanki dasashi ko hanji. Zaren ba ya narkewa, dunƙulewa yake yi ya toshe hanya. Alamun su ne amai bayan kowane ci ko sha, yunƙurin kashi ba abin da ke fita, ciki ya ɗaure, kare ya lafe wuri ɗaya. Kada a ɗura masa gishiri don ya yi amai, gishirin da kansa guba ne in ya yi yawa, kuma abu mai kaifi yana yanka a hanyar fitowa kamar yadda ya yi a hanyar shiga. Kada kuma a ba shi mai wai don ya zame. Zaren tsiro ba ya fitowa sosai a hoton asibiti na yau da kullum, saboda haka abin da mai kare ya gani da idonsa yana rage wa likita lalube: a faɗa masa abin da ya tauna, da ƙarfe nawa, da yawan abin da ya ɓace, a kuma tafi da ragowar ɓawon a leda ya gani.